Ɗakin da Na Ƙwace wa Malam Numfashi

Jawabin tsohon shugaban asibitin unguwa a taron tunawa da abokin aikinsa, kamar yadda ya faɗe shi.

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Assalamu alaikum.

Mai girma shugaban kwamitin asibitinmu, ranka ya daɗe. Likitan da ya gaji kujerata, da sauran 'yan kwamiti. Malamanmu da suka buɗe mana wannan zama da addu'a. Nas-nas da masu ba da magani da masu shara, waɗanda muka yi aiki tare da waɗanda suka zo bayana. Hajiya, uwargidan marigayi, da 'ya'yansa huɗu da jikokinsa, da ƙannensa da suka yi doguwar tafiya. Sai ku da kuka zauna can baya kusa da ƙofa, dattawan zaman Laraba, waɗanda takardar tsarin taro ta ajiye a ƙarshe. Ina gaishe ku baki ɗaya, Allah ya ba da ladan zuwa.

Ranar da babban ɗan marigayi ya same ni a gida ya ce ni aka zaɓa in yi magana a madadin jama'a, na ce masa ya koma ya nemi wani. Ga malamai, ga abokansa na ƙuruciya, ga masu bakin magana. Ya tafi, bai daɗe ba ya dawo yana sunkuyar da kai, ya ce, "Baba, Hajiya ta ce kai take so. Ta ce ka san dalili." Na san dalilin kuwa. Ku yi haƙuri da ni, kafin in zauna ku ma za ku san shi. An ce mini za a buga jawabin nan a raba, don haka ina roƙon mai bugawa kada ya gyara mini komai, ko inda ya ga na zubar da girmana.

Marigayi nas ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aiki, goma sha ɗaya daga ciki a ƙarƙashina.

Ya kasance mutumin da yake riga mai shara isowa asibiti. Ya kasance mai hannun allura, wanda uwa za ta tsallake layi uku ta ce ita dai shi zai yi wa ɗanta. Ya kasance idan yana sauraronka ba ya duba agogo, kuma wannan halin nasa ya sha ba ni haushi, domin layi yana tsawo a waje shi yana ciki yana tambayar tsohuwa yadda ta kwana. Ya kasance ba ya ɗaga murya. Sau ɗaya na ji ya yi faɗa, shi ma da ƙofar sito yake yi, ta ƙi buɗuwa.

Mu muka sa masa suna Malam Numfashi. Yau yara suna faɗinsa da girmamawa, suna tsammanin laƙabin yabo ne. To ku sani da tsiya muka raɗa masa shi, a ɗakin shan shayin ma'aikata, muna dariya har da buga tebur. Ni na fara faɗinsa.

Ga yadda abin ya samo asali. A asibitinmu akwai wasu tsofaffi da muke kira 'yan kullum. Duk wanda ya yi aikin lafiya a cikinku ya san irinsu. Dattijo zai zo da sassafe riƙe da ƙirji, ya ce gabansa faɗuwa yake yi, numfashinsa ba ya kai ƙasa, barci ya ƙaurace masa, yana jin kamar wani mugun abu zai faru amma bai san ko mene ne ba. Mu auna jini, lafiya lau. Mu saurari zuciya, lafiya lau. Sai mu ce, "Baba, ba komai, tsufa ne," mu ƙirga masa bitamin a leda, mu ce na gaba ya shigo. Jibi ya dawo. Har ya kai idan muka hango ɗayansu daga taga, sai a tura katinsa ƙasan tulin kati, ko zai gaji ya tafi. Mun yi haka, jama'a, mu da muka yi rantsuwar aiki. Abin da injin awo bai nuna ba, a wurinmu ba ciwo ba ne.

Marigayi ne kaɗai abin ya hana sukuni. Ya ɗauki hutunsa na shekara ya haɗa da wanda ya tara, ya tafi kwas na wata uku, ya dawo da takardar shaida. Ya shigo ofishina ya ce, "Maigida, ina son tsohon ɗakin rigakafi duk ranar Laraba da safe, awa biyu." Na ce kayan aiki fa? Ya ce, "Kujera goma sha biyu, da ƙofar da ke rufuwa." Na ba shi, don ɗakin ba kowa a ciki sai gizo-gizo, kuma na ga zai ɗauke mana 'yan kullum daga layi.

Laraba ta uku na bi ta bayan ɗakin na leƙa ta taga. Tsofaffi goma sha biyu zaune, tafin ƙafa a ƙasa, hannu a cinya, wasu ido a rufe. Shi kuma yana magana a hankali. Yana cewa, "Ku lura da iskar da ke shiga hanci. Kada ku gyara ta, ku bar ta yadda take. Idan tunani ya ja ku ya tafi da ku, ba laifi, aikinsa ke nan. Ku ce, ga tunani ya zo, sai ku dawo wurin numfashi." Wani tsohon direban bas, yana nan zaune a baya, ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Malam, nawa tunanin ba zuwa yake yi ba, nan yake kwana." Marigayi ya yi dariya ya ce, "To ka gaishe shi, ka ce ka gan shi. Sannan ka gaya mini, a ina kake jin sa a jikinka? A ƙirji ne, ko a ciki, ko a wuya?"

Zaman lura yake kiran abin. Mako takwas ake yi. Yana koya musu bin jikinsu da hankali tun daga yatsun ƙafa har zuwa ka. Yana sa su tafiya a baranda taku ɗaya-ɗaya, suna jin yadda ƙafa ke taɓa siminti. Yana ba su kofin ruwan ɗumi su sha cikin minti biyar, su ji ɗuminsa a tafin hannu kafin ya kai baki. Bai taɓa ce wa kowa ya bar maganin da likita ya rubuta masa ba. Da wasu suka fara raɗa cewa ya kawo sabuwar ibada, sai ya ce, "Ku yi sallarku, ku yi addu'arku, ku sha maganinku. Wanda ya karye a ƙafa ana ɗora shi, sannan a koya masa tafiya. Ni tafiyar nake koyarwa."

Ni abin da na gani ta taga shi ne ma'aikaci mai lafiya yana zaune, layi yana jira. Kuma ga takardar rahoton wata da muke cikewa, gurbi biyu gare ta: abin da ke damun majinyaci, da maganin da aka ba shi. Babu gurbin zama. Na kira shi a gaban ma'aikata na ce, "Me zan rubuta? In ce ka ba mutum goma sha biyu iska?" Ma'aikata suka fashe da dariya, shi ma ya yi murmushi. Ya ce, "Maigida, ka duba katinsu, ka ga sau nawa suka zo layi a watan nan." Ban duba ba. Na san idan na duba zan ga abin da ba na son gani, don ni kaina na lura direban nan ya daina tare ni a bakin ƙofa.

Na rubuta masa takardar gargaɗi kan ɓata lokacin aiki. Bayan wata biyu aka kawo mana kwalayen tsofaffin fayil daga babban ofishi, ba mu da wurin ajiyewa, na sa aka zuba su a ɗakin rigakafi na sa kwaɗo. Ban ma gaya masa ba. Ranar Laraba ya zo da tsofaffinsa suka tarar da ƙofa a kulle. Ina ofis ina jin sa yana ce musu, "Ku ɗauko kujerunku, yau iska za mu sha." Ya kai su bayan ɗakin gwaje-gwaje, kusa da janareto. A nan suka yi shekara guda, cikin ƙara da warin mai. An ce mini yakan ce musu, "Ku lura da ƙarar, ita ma tana cikin darasi." Da ya yi ritaya sai ya kwashe su zuwa falon gidansa.

Hajiya, duk Laraba ke kike jan kujerun falonki zuwa bango, ki naɗe darduma, ki dafa ruwa, ki kori jikoki zuwa tsakar gida. Shekara bakwai kina yi. Aikin asibiti ne kika ɗauka a falonki, kuma ba wanda ya taka daga asibiti ya ce miki sannu.

Yanzu na zo inda nake ta kewayewa.

Shekara huɗu da suka wuce ni ma na yi ritaya. Makon farko na ji daɗi. A mako na shida, wata safiya, daidai lokacin da na saba ɗaukar makullin mota, sai gabana ya yanke ya faɗi. Zufa ta keto mini, na ce shi ke nan, zuciya ce. Ya wuce. Washegari ya dawo. Aka kai lokacin da idan waya ta yi ƙara sai in ƙi ɗauka, don na tabbata mutuwar ɗana za a gaya mini. Na daina tsallaka titi. Na daina zuwa ɗaurin aure. Matata tana tambaya, ina ce mata ciwon baya ne.

Na je asibitinmu, asibitin da na shugabanta. Wata nas da aka ɗauka bayan tafiyata ta auna jinina, ta saurari ƙirjina, ta yi murmushi ta ce, "Baba, ba komai, tsufa ne." Ta ƙirga mini bitamin a leda. Ba laifinta ba ne, abin da ta tarar ana faɗi ke nan, kuma ni na bar shi a wurin. Zuwana na huɗu ina bayan labule ina ɗaura igiyar takalmi, na ji wani yana cewa, "Tsohon maigida ma ya shiga 'yan kullum." Na daɗe zaune da igiyar a hannu kafin in iya fitowa.

Sai da na yi wata biyu ina juya abin kafin in je gidan marigayi. Na ajiye mota nesa, bayan shagon mai walda, na bi ta lungu na ƙwanƙwasa ƙofar baya. Ya buɗe. Na shirya dogon bayani, amma bai jira in fara ba. Ya dube ni ya ce, "Maigida, shigo, ruwa na kan wuta." Bai tambaye ni takardar gargaɗi ba, bai tambaye ni kwaɗo ba.

Na gindaya masa sharaɗi, ku ji ƙarfin hali, ni mai neman taimako. Na ce ba zan zauna da 'yan Laraba ba, kuma kada kowa ya ji. Ya ce, "Da ka zauna da su da ya fi maka, amma to. Alhamis bayan la'asar." Haka muka yi ta yi. Ranar farko na zauna minti uku na miƙe na ce wannan shirme ne. Ya ce, "Ga tunani ya zo. Zauna." A mako na biyar waya ta yi ƙara a aljihuna, na ji gabana ya faɗi, na lura da shi yana faɗuwa, na ja numfashi uku, na ɗauka. Ɗana ne, yana tambayar lambar takalmina. Ba zan ce muku na warke sarai ba, fargabar tana zuwa har yau. Amma yanzu idan ta zo na san ta, na san za ta wuce, kuma ina iya tsallaka titi tana tare da ni.

Shekara biyu da suka wuce, dattawan Laraba suka yi wa falon Hajiya yawa, sun haura ashirin. Wata tsohuwar shugabar makarantar firamare da ke cikinsu ta rubuta wa kwamitin asibiti takarda, suna roƙon a mayar musu da ɗakin rigakafi. A lokacin an sa ni cikin kwamitin a matsayin dattijo mai ba da shawara. Ranar Alhamis kafin zaman kwamitin, bayan mun gama namu zaman, marigayi ya raka ni ƙofar baya ya ce, "Maigida, ban ce ka faɗi sirrinka ba. Ka dai sa baki." Wannan ne kaɗai abin da ya taɓa roƙona. Na ce masa kada ya damu.

Ranka ya daɗe shugaban kwamiti, kana tune da ranar. Ka yi tambaya, kuma tambayarka daidai ce, aikinka ne ka yi ta. Ka ce, "Malam, mu ba mu ƙi ba. Amma a cikin waɗanda suka san aikin lafiya, akwai mutum ɗaya da zai tsaya ya ce ya ga amfanin abin nan da idonsa?"

Ina zaune kujera ta uku daga hannun damanka. Marigayi yana tsaye riƙe da takardunsa. Abin da ba zan manta ba shi ne bai dube ni ba. Ya dubi bango, ya dubi fanka, ya dubi kowa a ɗakin, ya tsallake ni, don kada wani ya bi idonsa ya gane. Ni kuwa na sunkuya ina gyara hular biro. Wani daga cikinmu ya ce, "In dai zama ne, ai kowa yana da kujera a gidansa." Aka yi dariya. Jama'a, na yi dariyar nan tare da su. Aka ce a ajiye maganar sai wani lokaci, kwalaye suka ci gaba da zama a ɗakin.

Alhamis ta zagayo. Na yi niyyar ƙin zuwa, amma na kasa, don ina bukatarsa. Ya tarbe ni a ƙofar baya kamar kullum. Na fara, "Malam, game da ranar nan..." Ya ɗaga hannu ya ce, "Zauna tukuna." Na zauna. Ya ce, "A ina kake jin ta a jikinka?" Na ce a fuska, da wuya, kamar an zuba mini ruwan zafi. Ya ce, "Kunya ce. Kada ka kore ta, kada kuma ka yi mata bayani. Ka zauna da ita, za ta gaya maka abin da take so." Na zauna da ita ranar. Ta gaya mini sarai, na ji ta, na tashi na bi ta lungu na tafi gida. Shekara biyu ina cewa sai zaman kwamiti na gaba.

Ya kasance mai haƙuri da mu fiye da yadda muka cancanta. Ya kasance yana jinyar wanda ya kore shi daga ɗakin rigakafi, a falonsa, da ruwan da matarsa ta dafa. Ya kasance ko a makonsa na ƙarshe, yana kwance numfashin nasa yana yi masa wuya, da na je duba shi sai da ya tambaye ni ko ina yin zamana na safe.

Hajiya, ke kaɗai kika sani. Ke kike zare sakatar ƙofar baya duk Alhamis, ki gaishe ni, ki koma ciki. Kin san abin da na yi a kwamiti, don na ga fuskarki a makon, amma kofin ruwana bai taɓa yin sanyi ba. Ki yafe mini. Ku kuma 'ya'yansa, kun taso kuna jin ana kiran mahaifinku da sunan tsokana a bakin titi, wataƙila wani lokaci kun ji nauyin abin. Ku ɗaga kanku. Mu ya kamata mu sunkuya.

Dattawan Laraba, Laraba uku ke nan ba ku da wurin zama. Hajiya za ta koma gidan babban ɗanta, falon zai rufe. Akwai nas a asibitinmu da marigayi ya matsa wa har ta yi kwas ɗin, ta ce a shirye take. Ɗaki ne babu.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ka yi tambaya shekara biyu da suka wuce, ba a ba ka amsa ba. Ka ce ko akwai mutum ɗaya da ya san aikin lafiya da zai tsaya. Ga ni tsaye. Shekara talatin da biyar na yi a aikin lafiya, ni na kulle ɗakin, kuma ni ɗan kullum ne. Abin nan ya yi mini amfani, shi ya sa na iya fitowa daga gida yau, shi ya sa nake riƙe da takardar nan gabana yana faɗuwa ban gudu ba. Ina roƙon kwamiti a gaban iyalinsa ya buɗe ɗakin kafin Laraba. Kwalayen ni na sa aka zuba su, da hannuna zan fara kwashewa. Idan dattawan nan za su karɓe ni, ina son kujera a cikinsu, ta ƙofar gaba zan shigo.

Na gode wa waɗanda suka shirya wannan taro, na gode muku da kuka saurare ni har ƙarshe ba ku tashi ba. Na gode wa Hajiya da ta ƙi karɓar uzurina.

Ya Allah, ga bawanka ya zo gare ka. Ya kwantar wa tsofaffi da hankali a lokacin da muke tura katinsu ƙasa, ka kwantar masa da nasa a kabarinsa. Ka yalwata masa makwanci, ka haskaka shi, ka sa aljanna ce makomarsa. Ka ba Hajiya da 'ya'yansa haƙurin rashinsa, ka albarkaci bayansa. Ka yafe mana dariyar da muka yi. Ya Allah, shekara huɗu mutumin nan yana rufa mini asiri, har ranar da rufawar ta jawo masa asarar abin da ya fi so, bai tona ni ba. Ka rufa masa nasa ranar da ba mai rufawa sai kai.

Amin.